Sunan da Na Ƙi Rubutawa

Shekaru kaɗan bayan an ƙaddamar da shari'a a jiharmu, ina koyarwa a makarantar firamaren garinmu, wani ƙaramin gari a ƙasar Dutsi. Ban da koyarwa, ni ne marubucin gari ba tare da kowa ya naɗa ni ba. Duk takardar da ta zo daga ƙaramar hukuma, dagaci sai ya aiko a kira ni, don an ce rubutuna yana karantuwa. Na rubuta sunayen masu neman taki, na rubuta na waɗanda ruwa ya ci wa gona, na rubuta na matan da za a ba keken ɗinki. Takin ya taɓa zuwa sau ɗaya, bayan gero ya fitar da kai. Kekunan kuwa har yau ban ga ko ƙafar ɗaya ba.

A gidanmu akwai Yaya. Shi ne ɗan farin Inna, saboda haka ba ta kama sunansa, sai dai ta ce “wancan”. Kafin ciwo ya same shi fataucin tumaki da awaki yake yi. Yakan ci kasuwar Mai'aduwa, yakan tsallaka ta Kongolam ya sayo dabbobi a ƙauyukan Nijar. In ya buɗe bakin rago ya duba haƙora, ba mai yi masa gardamar shekaru. Ciwon a hankali ya shigo. Da fari ya daina cin abincin kasuwa. Daga nan ya daina cin na matarsa sai in a gabansa aka tuƙa. Sai ya fara cewa akwai wani babban littafi a kan iyaka da aka sa sunansa a ciki, kuma duk wanda ya tambaye shi sunansa, ɗan aiken masu littafin ne. Matarsa ta yi haƙurin da za ta iya, daga baya iyayenta suka zo suka tafi da ita, ba faɗa ba tashin hankali.

Ba abin da ba mu gwada ba. An yi rubutu, an yi hayaƙi. Lokacin ruƙiyya ta yi tashe, kowace unguwa da mai karanta wa aljanu, har kaset ake sayarwa a tasha. An karanta masa har muryar mai karatun ta dishe, Yaya yana zaune yana kallonsa, da aka gama ya ce, “Malam, wa ya ba ka sunana?” Wani kawunmu ya kawo shawarar a kai shi gidan mari. Inna ta ce muddin tana numfashi ba mai sa wa ɗanta ƙarfe a ƙafa. Haka muka zauna. Yaya ya tare a ɗakin zaure, yana kiwon tumaki biyu, ba ya dukan kowa, ba ya zagin kowa. Inna takan fito da murhu tsakar gida inda zai hango ta, ta dafa masa nasa daban.

Ana cikin haka, zaɓe ya matso, sai muka ji a rediyo cewa gwamnati za ta kula da masu taɓin hankali. Za a ba su magani kyauta, za a raba su da yawo a titi, domin tausayin mai rauni yana cikin abin da shari'a ta zo da shi. Maganar ta yi daɗin ji. Inna tana tankaɗe, ta dakata, ta ce in ƙara murya. Ni kuwa abin da ya fara zuwa raina shi ne, me ya tuna musu da mahaukata yanzu, bayan duk shekarun nan?

Ba a yi mako biyu ba kansilanmu ya iso da takardu. Mutum ne mai fara'a, ajinmu ɗaya a firamare, amma tun da ya ci zaɓe na koma ce masa Honarabul, shi kuma yana ce mini Malam. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan dagaci, aka miƙo mini takardun. Na karanta su daga sama har ƙasa kafin in cire murfin biro. Akwai gurbin suna da shekaru, wannan daidai ne. Akwai gurbin da za a rubuta ko mutum a gida yake ko yana yawo. Sai kuma na ƙarshe, mutum nawa ne a gidansu suke da katin zaɓe.

Na ce, “Honarabul, ina ruwan ciwon hauka da katin zaɓe?”

Ya yi dariya. “Malam ke nan. Don a san yawan manyan da za su kula da shi ne.”

“To ai sai a ce manya nawa. Kuma waɗanda aka rubuta suna yawo, ina za a kai su?”

“Wurin da za a kula da su.”

“Ina ne wurin?”

“Ana nan ana gyara shi.”

“Wa zai duba su? Likitan ƙwaƙwalwa aka kawo?”

Ya dubi dagaci, ya dube ni, fara'ar ta ragu. Ya ce, “Malam, kai rubutu aka ce ka yi. Sauran na manya ne.”

Ina da dalilin tambaya. Shekarun baya an taɓa yin wani babban baƙo a Daura. Ana jibi zai zo, aka wayi gari babu mahaukaci ko ɗaya a tasha da bakin kasuwa. Direbobi suka ce wata babbar mota ce ta kwashe su. Waɗansu sun dawo da ƙafa bayan kwanaki, ƙafafu duk sun fashe, waɗansu ba a sake ganinsu ba. Ban gani da idona ba, amma wanda ya faɗa mini ba maƙaryaci ba ne.

Duk da haka na rubuta. Mutane suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana sassauta murya. Maƙwabcinmu tela ya ba da sunan matarsa, wadda tun da ta haihu ba ta magana, ba ta yarda ta ɗauki jaririn. Wata dattijuwa mai sayar da daddawa ta zo ta durƙusa ta ba da sunan ƙanenta. Kowa ya san shi. Tsohon direba ne, tun da ya yi haɗari da fasinjoji kansa ya juye. Yakan wuni a bakin kasuwa yana ba motoci hannu, da magariba ya koma gidan yayar tasa ya ci tuwo ya kwanta.

Na tambaye ta, “Iya, a gida zan sa shi ko yana yawo?”

Ta ce, “Ɗan nan, kai ka san abin da ya dace. Ni dai a ba shi magani.”

Kansila ya leƙo ta kafaɗata ya ce, “Wannan ai yawo yake. Duk gari an sani.”

Na rubuta “yana yawo”. Gaskiya ce, ko rabin gaskiya. Ban tsaya na yi tunani a kanta ba, domin hankalina yana kan tambayar da na san tana tafe. Da layi ya ƙare kuwa kansila ya ce, “Saura na gidanku.”

Na ce, “Yaya ya samu sauƙi. Ba ya bukata.”

Ya daɗe yana kallona. Dagaci ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Kansila ya tattara takardunsa ya ce, “Allah ya ƙara sauƙi,” ya hau babur.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Na tarar da Inna a bakin murhu, ko sannu da zuwa ba ta yi mini ba.

Ta ce, “An ce ka rubuta na kowa ka tsallake wancan.”

“Inna, ban yarda da su ba ne. Ruwa ba ya tsami banza. Zaɓe saura watanni.”

“Ni ina ruwana da zaɓensu? In don ƙuri'a za su ba shi lafiya, su zo su karɓi tawa, su karɓi taka. Shekara nawa ina dafa tukunya biyu?”

“In suka tafi da shi fa, ba mu san inda yake ba?”

Ta gyara itace. Can ta ce, “Kai ka yi boko. Allah ya sa abin da ka gani daidai ne.” Ba ta sake tayar da maganar ba, amma kwana da kwanaki sai abin da ya zama dole take ce mini.

Yaya ma ya ji. Ina wucewa ta zaure ya kira ni. Yana zaune a kan buzu, yana ɓare wa tumakinsa kowar wake.

Ya ce, “Ka rubuta ni?”

“Ban rubuta ba, Yaya.”

“Rantse.”

Na rantse. Ya gyaɗa kai ya ce, “Kai kaɗai ka rage.”

Ranar da aka ƙaddamar da shirin a Daura na bi tela da matarsa, na ce rakiya zan yi, amma ido na je bazawa. An kafa rumfuna a harabar wani ƙaramin asibiti, an shafa wa ɗaki guda fenti, an kafa allo a ƙofarsa. Maroƙa suna ta wasa manya, 'yan jam'iyya sun cika kujerun gaba. Marasa lafiyar an jera su a kan benci a rana, kowa da ɗan'uwansa a gefe. An yi wa'azi a kan haƙƙin mai rauni, kuma wa'azin ya yi kyau, har na ga wata mata tana share hawaye.

Abin da na gani kafin manyan su iso shi ne ya tsaya mini. Akwai wani saurayi da mahaifinsa ya kawo daga wani ƙauye. A gida ɗaure yake, amma uban ya cire masa marin kafin su taho, ya sa ƙarfen a buhu don kunya. Wani mai shirya taro ya hango ƙarfen, ya ce a mayar masa a ƙafa. Uban ya ce ai ya natsu yau. Mutumin ya ce na ɗan lokaci ne kawai. Aka mayar. Da babban baƙo ya zo, aka kai shi gaban saurayin, ya durƙusa ya buɗe marin da hannunsa, masu hoto suna ta ɗauka, jama'a suna kabbara. Uban yana tsaye a baya da buhunsa.

Bayan an raba sabulu da atamfa, motoci suka tashi. Wata farar bas ta ɗebi waɗanda aka rubuta suna yawo, har da tsohon direban garinmu. Shi da murnarsa ya shiga, ya zauna kusa da mai tuƙi yana nuna masa hanya. Yayarsa ta bi motar tana tambayar ina za a kai shi, aka ce mata za a sanar da dagaci. Na ce a raina, to ga shi nan, abin da na faɗa.

Har na juya zan tafi, sai na ga tela ya ja matarsa sun shiga ɗakin nan mai sabon fenti. Na bi su. A ciki mutum ɗaya ne, wani dattijo mai furfura a gemu, da farar riga da ta sha wanki, da tebur da kwalaye a bayansa. Mutane suna ce masa likita, yana cewa shi nas ne, ɓangaren ƙwaƙwalwa ya karanta. Masu kwashe rumfuna suna ta hayaniya a waje, shi kuwa yana ganin mutane ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Ya daɗe da matar tela. Bai tambaye ta aljani ba, bai tambayi katin kowa ba. Ya tambayi barcinta, da cin abincinta, da ranar da ta haihu.

Na jira har layi ya ƙare bayan la'asar, na zauna a gabansa.

Ya ce, “Kai ne marar lafiyar?”

Na ce, “A'a. Tambaya na zo yi. Wannan maganin na gaske ne, ko na hoto ne?”

Ya ajiye biro ya dube ni sosai. Ya ce, “Na gaske ne. Ni na je na karɓo shi da hannuna.”

“In ya ƙare fa?”

“Sun ce za su ƙaro.”

“Ka yarda?”

“Malam, na daɗe a aikin gwamnati. Abin da ke cikin kwalin nan shi na sani. Wa kake ɓoyewa a gida?”

Ban san lokacin da na ba shi labarin Yaya ba. Ya saurara har na gama, ya ce in kawo shi ko wace Talata, ba sai da takardar kansila ba. Na tambaye shi inda bas ta nufa. Ya ce shi ma ba a gaya masa ba, wannan wani ofishi ne daban.

Na fito ina zarginsa shi ma. Na ce wataƙila so yake ya saba da mutane, in na gwamnati ya ƙare ya riƙa sayar musu da nasa. Wataƙila kuma maganin ya daɗe a sito ne aka rasa yadda za a yi da shi. Na karɓi fakitin matar tela na kai wa wani Inyamuri mai kemis a kusa da tasha, wanda muka daɗe da sabawa. Ya juya shi, ya karanta, ya ce da Hausarsa, “Malam, wannan mai kyau ne, bai lalace ba. Ni ma ba na samunsa da sauƙi.” Na so a ce ya faɗi akasin haka, don in koma wa Inna da hujja.

Wata biyu ban kai Yaya ba. Ina jira in ga abin da zai faru da matar tela. Wata safiya ina shirin tafiya makaranta sai ga ta ta yi sallama, goye da ɗanta, ta zo aron rariya. Ta durƙusa ta gaida Inna, ta tambayi jikin Yaya, har ta yi dariya da jaririn ya ja mata ɗankwali. Ta karɓi rariyar ta fita. Inna ta dube ni kawai, ta ci gaba da shara. Ranar ban iya koyar da komai ba.

Wahalar ita ce yadda zan gaya wa Yaya. Na yi tunanin in ce masa kasuwar dabbobi za mu, amma na san in na yaudare shi sau ɗaya, shi ke nan ba shi da kowa. Na zauna a bakin buzunsa na faɗa masa gaskiya, cewa akwai wani dattijo a Daura mai ba da maganin barci da natsuwa, kuma na ga wadda ta sha ta warke.

Ya ce, “Zai rubuta ni?”

“Zan roƙe shi kada ya rubuta.”

“In ya ɗauki biro zan tashi.”

“In ya ɗauka, tare za mu tashi.”

Na goya shi a babur ranar Talata. Na shiga na yi wa dattijon bayani. Bai yi musu ba. Ya cire biron daga aljihu ya ajiye a tebur, ya fito da hannu biyu a sake, suka zauna da Yaya a gindin darbejiya. Bai tambayi sunansa ba. Ya fara da tambayar yadda ake gane tunkiya mai ciki, Yaya ya yi masa bayani dalla-dalla, daga nan hira ta gangara zuwa barci da muryoyin da yake ji. Da za mu tafi Yaya ya ce ba zai sha ƙwayar ba sai mai ba da ita ya faɗi abin da ke ciki. Dattijon ya ce, “Ban san yadda ake haɗa ta ba, kuma ba zan yi maka ƙarya ba. Za ta sa ka barci, za ta busar maka da baki, wataƙila hannunka ya yi rawa. In ta dame ka, ka dawo ka gaya mini.” Ina jin wannan ne ya sa ya karɓa. Daga baya na gane dattijon yakan rubuta bayaninsa bayan mun tafi, a ƙarƙashin “mai tumaki”.

Sauƙin bai zo rana ɗaya ba. Makonnin farko barci kawai yake yi, har Inna ta tsorata. Sannu a hankali ya fara fitowa masallaci. Wata rana da azahar ina cin ɗanwake a tsakar gida, ya zo ya zauna, ya wanke hannu, ya sa a kwanona. Inna tana ɗaka tana hangen mu. Ta saki labule.

Amma tsohon direba bai dawo ba. Yayarsa takan tare ni a hanyar makaranta, da tiren daddawarta a ka, ta ce, “Ɗan nan, kai ka rubuta. Ina aka kai shi?” Dagaci bai sani ba. Kansila kullum yana kamfe, in na kama shi sai ya ce ana kula da su, har sun yi ƙiba. Na je ofishin jin daɗin jama'a, suka ce aikin na lafiya ne. Na je na lafiya, suka ce su magani kawai aka ba su, in tambayi kwamiti. Kwamitin kuwa ba wanda ya san inda yake zama. Ko'ina na je sai a tambaye ni, “Kai wane ne nasa?” In na ce ni na rubuta sunansa, sai a dube ni kamar ni ne ya kamata a duba.

Aka yi zaɓe. Kansilanmu ya faɗi, waɗanda suka hau suka ce shirin na waɗanda suka sauka ne, su da nasu tsarin da za su fito da shi. Wata Talata muka je muka tarar kwali ɗaya ya rage a bayan dattijon. Ya ce an yi masa canjin wurin aiki zuwa can kudancin jiha. Ya rubuta mini sunan maganin Yaya da yadda ake sha, ya ce kada a yanke ko da ya ga kamar ya warke, ya kwatanta mini inda zan kai shi a Katsina in jikin ya motsa. Har a lokacin ina jira in ji ya ce yana da wani shago da zan riƙa zuwa saye. Bai ce ba.

Da na miƙe ya ce in dakata. Ya rage murya ya ce direban bas ɗin nan ya kawo masa mahaifiyarsa a makon da ya wuce, kuma ya tambaye shi inda ya kai mutanen. Ya kwatanta mini wani gida a bayan gari, tsohon wurin ajiye kaya, mai doguwar katanga.

“Ba ni na gaya maka ba,” in ji shi.

Washegari na ɗauki dattijuwar nan mai daddawa a babur muka tafi. Mun sami gidan. Mai gadi ɗaya ne a ƙofa, wani tsoho da ya gaji da aikin. Bai hana mu shiga ba, cewa ya yi ma, “Da kowa zai zo ya ɗauki nasa da na huta.” Ya ce da farko ana kawo abinci sau uku, ana zuwa da allura. Tun da aka yi zaɓe sai abin da mutanen unguwa suka kawo sadaka, da abin da matarsa ta dafa. Waɗansu sun haura katanga sun tafi, bai bi su ba.

Mun sami tsohon direban a inuwar katanga, zaune a kan buhu. Ya rame, an aske masa kai, ƙafafunsa sun kumbura. Bai gane ni ba. Da yayarsa ta kira shi da sunan da suke kiransa a gida, ya ɗago ya ce, “Yaya, kin daɗe. Motar ba ta dawo ba.” Ta zauna a ƙasa ta riƙe ƙafarsa, ba ta yi kuka ba, sai cewa take, “Tashi mu je, tashi mu je gida.” Na tambayi mai gadi ko akwai takardar da zan sa hannu. Ya ce wanda ke riƙe da takardu ya daina zuwa.

Babur ba zai ɗauke mu mu uku ba, ga ƙafarsa. Na bar su a bakin titi na je tasha na samo mota. A hanya ya zauna a baya, bai nuna wa direba hanya ba, bai ba kowace mota hannu ba. Kafin Talata ta zagayo kwalin dattijon ya ƙare, don haka ko ƙwaya ɗaya ta shirin bai samu ba. Ya rayu shekaru bayan haka a gidan yayarsa, amma bai sake zuwa bakin kasuwa ba. Ita kuwa ba ta taɓa ce mini laifina ne ba. Har ta rasu takan aiko wa Inna daddawa, ni kuma in na hango ta nakan sauka daga babur in gaishe ta.

Yaya yana nan. Maganinsa ni nake nemowa, wani lokaci a Daura, wani lokaci sai Katsina. Akwai damina ɗaya da aka rasa shi ko'ina, ciwon ya dawo, muka sha wuya kafin ya lafa. Bai koma fatauci ba, amma masu sayen ragon layya sukan biyo su tafi da shi kasuwa ya duba musu, su ba shi na goro. Ya ƙi sake aure, ya ce wahalar da ya ɗora wa mace ɗaya ta isa.

Ɗakin nan mai fenti na wuce ta gabansa bara. Allon yana nan, rubutun ya koɗe. Na leƙa ta taga na ga an tara karyayyun gadaje a ciki. Wata ma'aikaciya ta fito ta tambaye ni wa nake nema. Na ce wani dattijo nas da ya taɓa zama a nan. Ta ce ita sabuwa ce, ba ta san shi ba, amma in dawo ranar Litinin in tambayi mai kula da ma'aikata.